Barau Mai Tayil da Ɗakin 'Yan Tsakin Madam Felicia

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin unguwarsu a Chanchaga, Malam Barau ba ya komawa barci. Zai zauna a bakin ƙofa ya sha kokon da matarsa Altine ta dama, ya shafa man zafi a gwiwoyinsa, sannan ya ɗaure buhun kayan aiki a bayan babur: cokalin siminti, gudumar roba, igiya da ma'auni. Kafin masu gida su gama karyawa, shi ya riga ya durƙusa a ɗakin da za a sa wa tayil. A durƙushen nan ya ci ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Yanzu gwiwoyin sun ce sun gaji, likita ya goyi bayansu, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ya dace a yaba masa tun yana ji da kunnensa.

Kakansa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, ya zauna bai koma ba. Barau ya fara da gini, daga baya ya tsaya a kan tayil. Sana'a ce da ba a tuna mai ita sai ta ɓaci. Mutum zai yi shekara goma yana taka ɗakinsa bai taɓa tambayar wa ya shimfiɗa ba, amma ranar da tayil ɗaya ya ɗaga, har sunan kakan mai aikin sai an nemo. Barau kuwa ba a cika neman sunansa ba. Sadisu, mai shagon magani a hanyar Bida, ya ce bayan an gama masa aiki ya biya, sai ga Barau ya dawo wata safiya yana bin tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Ya ji guda yana amon fanko, ya cire ya sake, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Sadisu ya ce shi ko a mafarki bai san akwai matsala a wurin ba.

Lokacin da yake da ƙarfinsa ya taɓa yin aiki a Jos, inda ya ga ana shimfiɗa bututun ruwan zafi a ƙarƙashin daɓe don ɗaki ya yi ɗumi. Da ya dawo ya ba abokan hira labari, dariya suka yi ta yi masa. A Minna? Garin da mutane ke fito da tabarma waje saboda zafi? Ya yi shiru da iliminsa shekara da shekaru, sai da Madam Felicia Kambai ta zo.

Madam Felicia tana kiwon kaji a wata gona kusa da Gidan Kwano, kuma da kajin take riƙe gidanta. Damuwarta ita ce 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa, waɗanda ba sa rayuwa sai da ɗumi, musamman a tsakiyar damina. Da gawayi take ɗumama su, har wata shekara hayaƙi ya kashe mata 'yan tsakin ɗaki guda. Daga nan ta yi rantsuwa ba ita ba gawayi. Ta gina sabon ɗakin raino, aka sa tukunyar dafa ruwa a waje, mai gyaran famfo ya shimfiɗa bututu, Barau ya zuba siminti a kai ya sa tayil mai sauƙin wankewa. Ya bar 'yar tazara a jikin bango ko'ina, don daɓe ya samu wurin motsi idan ya ji zafi. Da ya gama, sai ya kwance kan famfon da ke tura ruwan zafi cikin bututun ya jefa a aljihu. Haka yake yi. Ya ce mata daɓen sai ya yi makonni yana bushewa, ranar kunnawa shi zai zo da kansa.

Sai masu ƙyanƙyasa suka bugo waya daga Ibadan cewa 'yan tsakinta sun fito da wuri, suna hanya. Ruwan sama kuwa ya tsuge kwana da kwanaki, gari ya yi sanyi. Ta hau keke ta zo har Chanchaga, ta same shi a zaure.

"Baba, abeg, ba ni kan famfo na," in ji ta, da irin Hausar da ta koya a kasuwa. "Kaza na zai mutu fa. Na taɓa ƙasa da hannu, ya bushe."

"Madam, samansa ne ya bushe, cikinsa da sauran ruwa. In kika ba shi zafi yau, simintin zai tsage, tayil ya saki. Kashin kaji ya shiga tsagar, cuta ta samu wurin zama, wanki ba zai fitar da ita ba. Gyara kuma sai an fasa har kan bututu."

"Ɗaki na ne ko naka?"

Altine, da ke jin su daga tsakar gida, ta leƙo ta ce, "Malam, ka ba ta abinta mana. Matar nan kuka za ta yi."

Barau bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya san gaskiya ta faɗa, ɗakinta ne, kuma ya san abin da sanyi ke yi wa ɗan tsako. Ya ciro kan famfon ya ajiye a kan benci a gabanta.

"Ga shi, naki ne, ba zan riƙe miki kaya ba. Amma ni ba zan kunna ba, kuma ba zan ce miki ba komai ba, don akwai komai."

Ta ɗauka ta jujjuya shi a hannu. Can sai ta wurga shi cikin buhun kayan aikinsa da fushi, ta ce, "To yanzu yaya zan yi?"

Abin da suka yi shi ne wannan. Tukunyar dafa ruwa dai tana aiki, bututun ne kawai aka rufe. Barau ya sa aka share tsohon sito, aka zuba dusar katako, aka toshe kafofin iska da buhuna. Da 'yan tsakin suka iso, a nan aka sauke su. Ya tattaro jarkoki daga maƙwabta, a cika su da ruwan zafi, a naɗe da tsumma, a jera a tsakiyar 'yan tsakin. Jarka ba ta daɗewa take hucewa, don haka aikin ba shi da hutu. Barau ya ajiye wani aikin da yake yi a cikin gari ya koma ɗaukar jarka daga tukunya zuwa sito, da gwiwoyin nan nasa. Altine ma, da ta ce a ba ta abinta, ita ce ta riƙa bin sa gonar tana naɗe jarkoki.

Ba za a yi wa masu karatu ƙarya ba, dabarar ba ta ceci duka ba. 'Yan tsaki sun mutu, kuma ba kaɗan ba. Kullum da safe zai tarar da waɗanda suka kwana suka mutu a cikin kwando a bakin sito, Madam Felicia ta ajiye su inda ba zai kasa gani ba. Ya gaishe ta, ta kau da kai. Abin ya ci masa rai sosai, Altine ta ce har abincinsa ya ragu. Amma bai taɓa famfon ba, bai kuma daina zuwa ba.

Da daɓen ya bushe yadda yake so, sai ya mayar da kan famfon. Bai bari an zuba dusa ko an shimfiɗa komai a ƙasa ba. Ya rage wutar tukunyar har ruwan ya zama kamar na wankan jariri, ya buɗe famfon kaɗan. Ya cire takalmi ya bi ɗakin lungu-lungu da tafin ƙafa, yana jin inda ɗumi ya kai da inda bai kai ba. Washegari ya ƙara zafin kaɗan, jibi ya sake ƙarawa kaɗan. Mai gadin gonar ya ce har ya fara zaton tsohon wasa yake yi. Da zafin ya kai inda ake so, ya bar shi a nan na wasu kwanaki, sannan ya sauke shi a hankali kamar yadda ya hau da shi. Ya durƙusa ya duba layukan da ke tsakanin tayil, ya ƙwanƙwasa, bai ji fanko ba. Sai a lokacin ya ce a zuba dusa. Abin dariyar shi ne, 'yan tsakin da aka yi rigimar dominsu sun riga sun yi gashi, ɗumin ma bai dame su ba. Na bayansu ne suka ci moriyar ɗakin, kuma damina nawa ke nan ana ta raino a ciki, tayil ko ɗaya bai motsa ba.

Malam Barau, kai ne ka yarda a ji haushinka a kan ka bar aiki ya lalace a bayanka. Kai ne ka ce a'a, sannan ka zauna ka ɗauki wahalar da a'ar ta jawo, ba ka bar wa mai kaya ita kaɗai ba. Barau na Altine, mai aiki a durƙushe, mun gode. Allah Ya ba gwiwoyin nan lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Makon jiya, da labarin ajiye aikinsa ya kai gonar, Madam Felicia ta zo Chanchaga da kaji biyu ɗaure a bayan keke. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce za ta gina ɗaki na biyu, ya nuna mata wanda zai sa tayil. Ya fara lissafa mata masu hannu mai kyau, don akwai su a garin nan. Ta girgiza kai.

"Baba, har yau in na tuna kaza na da ya mutu, ina jin haushinka. Amma ba mai hannu nake nema ba. Ba ni wanda zai iya ce min a'a."

Barau ya daɗe yana tunani, bai kira suna ba. Ya ce ta ba shi lokaci.

Matasa masu tayil, masu gini, masu famfo, da ku ake. Cokali da guduma ana sayar da su a kasuwa, iya jera tayil kuma ana koyonsa a 'yan watanni. Akwai aiki a Gidan Kwano yana jira, kuma har yanzu Malam Barau bai kira suna ba.