Giyabos ɗin Motar Tsere a Gidanmu

Maigidana bakanike ne a kamfanin gurzar auduga na Funtua, ni kuma ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare kusa da tashar jirgin ƙasa. Dukanmu mutanen Gozaki ne, a majami'a ɗaya muka taso, a nan kuma aka ɗaura mana aure a farkon shekarun saba'in. Bai taɓa kirana da suna ba, Malama yake ce mini, a gida da waje. Mutum ne mara yawan magana. Idan ka ga bakinsa ya buɗe sosai, to zancen inji ake yi.

Muna da wata tsohuwar ƙaramar mota ruwan toka. Da ita muke zuwa gida ranar Lahadi, mu dawo da dawa da gyaɗa da kaji ɗaure a but. Mota ce mai haƙuri, ba ta da gudu, ba ta kuma da ƙara.

Wata shekara, bayan an gama kaka, aka ce motocin tsere za su biyo ta hanyarmu. Gari ya fito bakin titi. Sun wuce ɗaya bayan ɗaya, kowace da babbar lamba a ƙofa da fitilu jere a gaba, suna wani kuka mai tsini da ban taɓa jin mota ta yi ba. Ni kunnuwana na toshe. Da na waiga, na ga maigidana ya karkata kai yana saurare, har ta ƙarshe ta ɓace bai motsa ba.

Ɗaya daga cikin motocin ta daki kwalbati a hanyar Malumfashi. Direban bai ji ciwo ba, amma gaban motar ya lotse. Aka jawo ta zuwa garejin wani Alhaji, aminin maigidana tun suna koyon aiki. Mai motar, wani ɗan kasuwa daga Kano, ya aiko aka cire inji da tayoyi, ya ce sauran a yi yadda aka ga dama da shi. Da yake ƙirarta ɗaya da tamu, Alhaji ya ce wa maigidana ya zo ya ɗauki giyabos ɗin, wato na'urar canja giyar mota.

A amalanke aka kawo shi. Lokacin ina jegon ɗiyarmu ta biyu, mahaifiyata ta zo daga Gozaki tana zaune da mu. Maigidana ya so ya yi mata bayani da Hausa sosai, ya ce, "Inna, akwatin giya ne aka ba ni."

Ta ajiye garin da take tankaɗewa, ta dube shi. "A gidan nan za a shigo da giya, ga jaririya?"

Sai da ya buɗe buhun ya nuna mata ƙarfe ne sannan ta yarda, kuma duk da haka ta sa aka ajiye shi nesa da ɗakin girki.

Ranar Asabar da la'asar ya sauke giyabos ɗin motarmu, ya shimfiɗa tsofaffin buhuna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ya buɗe duka biyun gefe da gefe. Ya kira ni. Na ce ina da takardun yara da zan duba, ya ce ba zai daɗe ba. Na fito da 'yar kujera na zauna, jaririya a cinya.

"Dubi haƙoran namu," ya ce. "Kin ga a karkace suke kamar tufkar igiya? A hankali suke shiga juna, wannan bai saki ba wancan ya kama. Shi ya sa ba kya jin motsinsu. Yanzu dubi na motar tsere."

Na duba. Waɗannan miƙe suke sak kamar haƙoran matsefi.

"Su gaba ɗaya suke haɗuwa, baki da baki. Ba sa tura juna gefe, ƙarfin inji ba ya ɓacewa a hanya. Amma fa sai sun yi kuka. Kukan da kika toshe wa kunne ran nan, ba na inji kaɗai ba ne, har da nasu."

Ya zaro wani zoben tagulla daga cikin namu ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce idan direba ya taka kuloci ya tura sandar giya, wannan zoben ne yake fara taɓa giyar, ya rage mata gudu ko ya ƙara mata, sai komai ya daidaita sannan ya bari ta shiga. Saboda shi ne ko ɗan koyo zai canja giya lafiya. A na tseren babu zoben ko ɗaya. Sai wasu haƙoran gefe masu kauri, 'yan kaɗan, da ramuka masu faɗi da suke faɗawa ciki, irin na babur.

"Nan ba mai jiran wani," ya ce. "Ki ɗan ɗaga ƙafa daga totur, ki fizgi sanda, ta faɗa. Ko kuloci ba dole ba ne idan tafiya ta miƙa. Amma in kika yi sanyin hannu, haƙoran nan karo za su yi ta yi da juna har su cinye kansu."

Ya kuma nuna mini cewa lamba ɗaya ta tseren doguwa ce, da ƙyar za ta tashi da mota daga tsaye, sauran lambobin kuwa kusa da juna suke, don kada inji ya huce tsakanin wannan da waccan.

Na ce, "To, Maigida, mu da wa za mu yi tsere? Da jakunan kasuwa?"

Ya yi murmushi yana goge hannu. "Ba shi da wani amfani gare mu, Malama. So nake kawai in ji yadda yake. Wata ɗaya, sai in mayar da namu."

Watan nan ɗaya ya zama shekaru.

Da farko na sha haushi. Mota ta koma kamar injin niƙa. Duk inda muka tsaya sai wani ya matso cikin tausayi ya ce, "Malam, a duba motar nan, akwai abin da ya karye." Shi da yake gyara manyan motocin auduga, sai ya yi godiya ya ce za a duba. Idan muka loda hatsi a Gozaki, kafin ta tashi sai ta mutu sau biyu ko uku, samarin majami'a suna dariya suna tura mu. Cikin mota kuwa ba a hira. Idan ina son a tsaya sayen rake, sai dai in taɓa masa kafaɗa in nuna.

Ban san lokacin da haushin ya wuce ba. Na dai wayi gari ina gane shi tun daga babban titi. Ina cikin ɗakin girki sai in ji kukan ya hau, ya yanke, ya sake hawa, sannan ya sauka inda ake kwana zuwa unguwarmu. Sai in ɗora ruwan wanka. Yara su ruga bakin ƙofa. Maƙwabciyarmu Hajiya takan ɗaga murya ta kan katanga ta ce, "Malama, ga naki nan tafe." A duk Funtua babu matar da take sanin dawowar mijinta kafin ya iso kamar ni.

Shi ne ya ce sai na koyi tuƙi. Na ce me zan yi da shi, ga shi yana nan. Ya ce ba kullum mutum yake nan ba. Na ɗauka zancen tafiye-tafiyen aiki yake, don a lokacin sayen auduga akan tura shi har Dandume gyaran motocin da suka lalace a hanya.

A kan hanyar burji da ta fita daga Gozaki muka fara, ranakun Lahadi bayan an tashi daga sujada. Na sha wuya. Ni mace ce mai yin abu a hankali, ko allo zan goge sai na bi layi. Duk lokacin da na tura sanda da lallami, sai ƙarfe ya yi wata ƙara da nake ji har cikin haƙorana, shi kuma ya runtse ido kamar shi aka daka. Wata rana na kashe mota a tsakiyar hanya, ga mata masu dawowa daga itace sun tsaya suna kallo. Na buɗe ƙofa na fita na zauna a kan kunyar wata gona, na ce na bari.

Ya zo ya zauna kusa da ni, ya tsinko kara yana ɓarewa. Can ya ce, "Laifina ne. Da na mayar da namu, da tuni kin iya. In kina so gobe in mayar."

Na dube shi, na ga da gaske yake, na kuma ga abin da zai rasa. Na ce a'a, mu sake gwadawa.

Wannan karon ya ɗora hannunsa a kan nawa bisa sanda. Hannunsa kaushi gare shi, kullum da ɗan warin baƙin mai ko ya wanke da sabulu. Ya ce in saurari inji, kada in kalli komai sai hanya. Da kukan ya kai wani wuri ya ce, "Yanzu," ya fizgi hannuna. Giya ta faɗa da ɗan sauti guda, tas, mota ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Muka yi ta maimaitawa har ya janye hannunsa ban lura ba.

Bayan wasu watanni, wata safiyar Lahadi da hanya ba kowa, ya ba ni mota a kan kwaltar Funtua zuwa Malumfashi. Damina ce, masara ta yi kore shar a dama da hagu. Na shiga lamba biyu, na shiga uku, na shiga huɗu, ko ɗaya ba ta yi gardama ba. Iska ta ture mini ɗankwali zuwa kujerar baya, babbar ɗiyarmu ta cafe. Na saci kallonsa, na ga yana dariya har da buga cinya, bakinsa yana motsi. Ban ji abin da ya ce ba saboda ƙara, kuma da muka isa na manta in tambaye shi. Har yau ina son sanin abin da ya faɗa.

A farkon shekarun tamanin giyabos ɗin ya fara gajiya. Lamba biyu takan fita da kanta. Da ya zubar da mai, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya ce dama ba a yi shi don ya daɗe ba, masu tsere bayan kowace tafiya suke buɗe nasu su canja abin da ya ci. Lokacin kaya sun yi wuya ko na motocin yau da kullum. Alhaji ya tambaya masa a Kano da Kaduna, ba a samu ba. Wata Asabar ya sauke shi, ya mayar da namu na asali, wanda ya ajiye cikin mai duk shekarun nan.

Da na tuƙa ta washegari, sandar ta yi mini laushi kamar ina dama kunu. Ya dawo daga aiki ran Litinin, sai dai na gan shi tsaye a tsakar gida, ruwa ko ɗumi bai yi ba.

Ba a daɗe ba ya fara rama. Abinci ya daina shiga, idanunsa suka yi rawaya. A asibitin Malumfashi aka ce hanta ce. Ya kai ga ba ya iya zama bayan sitiyari, ni nake kai shi ganin likita, ya kwantar da kujera ya miƙe ƙafa. A waɗannan tafiye-tafiyen ne, cikin motar da ta yi shiru, na ji maganar da ban ji daga bakinsa ba duk zamanmu. Ya gaya mini cewa yana saurayi ya samu gurbi a makarantar koyon sana'a a Kaduna, amma mahaifinsa ya kwanta ciwo, gona ba mai nomawa, bai je ba. Ya ce ranar da motocin tsere suka wuce, ya yi fatan a ce ko sau ɗaya ya zauna cikin ɗaya tana cikin gudunta. Ya gaya mini itacen ɗorawar da yake iyakar gonarmu da ta ƙanensa. Ya ce kada in cire yara mata daga makaranta ko wa ya ce.

Wata rana muna dawowa ya ce, "Da wancan giyabos ɗin ne a ciki, da duk wannan surutun nawa ba ki ji ba."

Na ce, "Da kuma lafiyarka ƙalau."

Can ya ce in rage gudu, akwai rami a gaba.

Ya rasu da damina, aka binne shi a Gozaki kusa da mahaifinsa. Da aka gama zaman makoki, Alhaji ya ce zai aiko direba ya mayar da mu Funtua. Na yi godiya na ce zan iya. Bai musa mini ba, sai dai ya biyo mu a baya da motarsa tun daga ƙauye har ƙofar gida, a hankali, bai wuce ni ba ko a inda hanya ta yi faɗi.

Bayan mako biyu ya dawo da gwangwanin giris. Ya yi sallama, ya tambayi inda giyabos ɗin tseren yake, na nuna masa bayan ɗakin ajiya, inda ruwan sama ya fara taɓa shi. Ya naɗe hannun rigarsa ya tsuguna, ya shafe haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe shi cikin sabon buhu, ya ɗaga shi da kansa ya kai ciki. Na ce, "Alhaji, ai ba zai sake aiki ba."

Ya ce, "Na sani, Malama."

Na kawo masa ruwa da sabulu. Ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa, kansa a sunkuye, ni kuma ina tsaye da butar ina zuba masa.