Takardar da Baba Ya Ƙi Sa wa Hannu

Babana ya yi shekaru masu yawa a kudu yana aiki a wani filin haƙar mai. Ba injiniya ba ne. Aikinsa zagaya rijiyoyi kowace safiya, ya karanta agogon da ke kan kowacce, ya ɗebi abin da ta fitar ya ga nawa ne mai, nawa ne ruwa. Da kamfanin ya sayar da filin aka sallame su, ya dawo Haɗeja da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, ya kama noman shinkafa da tattasai a fadamar da ya gada. Ni a lokacin ban daɗe da fara koyarwa a firamare ba.

Wata shekara da rani muka ji a rediyo gwamnati za ta farfaɗo da tsofaffin rijiyoyin mai, har aka ambaci filin su Baba. Aka ce za a riƙa tura ruwa ƙarƙashin ƙasa yana koro ragowar man, kuma za a sassauta wa kamfanin da ya yi aikin haraji. Baba yana ɗaure tiyon injin ban-ruwa, bai ko ɗago ba. Ya ce tun suna can ake tura ruwan nan, kuma kafin ya baro wasu rijiyoyin ruwan da aka tura musu shi suke dawowa da shi.

Bayan kamar wata biyu wani baƙo ya sauka a ƙofar gidanmu daga adaidaita sahu. Ya ce wakilin sabon kamfanin da ya karɓi filin ne. Baba yana gona, sai na ɗauke shi a babur. A hanya ya yi ta tambayata: ko idon Baba yana gani da kyau, ko yana karanta Turanci, wa ke karanta masa takardu. Bai tambayi lafiyarsa ba. Tun kafin mu kai bakin kogi na ji ban saki jiki da shi ba.

Muna isa ya tuɓe takalmi ya durƙusa cikin laka, yana ta kiran Baba Injiniya. Baba ya gyara masa sau biyu, bai bari ba. Abin da ya kawo shi, in ji shi, an gaya masa Baba yana da littattafan da ya riƙa rubuta halin kowace rijiya don kansa, su kuwa tsofaffin bayanan ofis sun salwanta garin sauya hannu. Wannan gaskiya ne, littattafan suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Baba. Ya ce za a kai Baba Abuja ranar buɗe aikin, a naɗa shi mai ba da shawara. Sai daga ƙarshe ya zaro takarda mai shafi biyu, ya ce ƙa'ida ce kawai.

Na karɓa na fassara wa Baba layi-layi a gefen kunnensa mai ji. Takardar ta ce shi tsohon ma'aikaci ne, kuma ya shaida rijiyoyin gabashin filin sakaci ne ya sa aka rufe su, ba ƙarewar mai ba.

Baba ya ce, “Rijiya ta bakwai a gabashin nan, ni na rufe ta da hannuna. Ruwan gishiri take amai.”

Baƙon ya yi murmushi ya ce na'urorin yanzu ba irin na da ba ne. Ya nuna injin ban-ruwanmu ya ce idan man ƙasa ya ƙaru, manoma irin su Baba ne za su fara jin sauƙin fetur. Baba ya juya yana kallon shinkafarsa. Na san yana son filin man nan, yana da abokai a ƙauyen da ke kusa da shi waɗanda aikin ya mutu ya bar su.

A gida Inna ta goyi bayan baƙon. Ta ce mutum ya ba da ƙuruciyarsa da kunnensa, yau an tuna da shi, ni kuma na tsaya ina ƙirƙiro zargi. Na ce in dai ilimin Baba ake so, littattafan sun isa, me ya kawo sa hannu? Mun yi kwana biyu ba ta yi mini magana da kyau ba.

A rana ta uku, baƙon yana gari yana jiran amsa, Baba ya yanke shawara shi kaɗai. Muka je shagon hoton takardu kusa da tasha, ya sa aka ɗauki kowane shafi na littattafan nasa, har waɗanda ba su yi wa kamfanin daɗi ba, ya bi su ya sa musu lamba. Ya miƙa wa baƙon ya ce, “Ga abin da na gani. Abin da ban gani ba kuwa, ba zan shaide shi ba.”

Mutumin ya kira wayata sau biyu bayan haka. Na biyun cewa ya yi ko ni zan sa hannu a madadin Baba, tunda ni ne babban ɗa. Na ce a'a, bai sake kira ba.

Da damina muka ga bikin buɗewar a talabijin. A layin gaba akwai wani abokin aikin Baba da sabuwar hula. Baba ya sa na nemo lambarsa. Mutumin ya ce su uku suka sa hannu, kuma an gaya musu rijiyoyi biyu sun dawo da rai. Baba ya tambaye shi waɗanne, ya ce bai riƙe ba.

Da Baba ya miƙo mini wayar ya ce abokin nan nasa a ɗakin ajiyar kaya ya yi aiki, bai taɓa murɗa kan rijiya ba. Amma a makon nan bai ci abincin kirki ba, har wata rana bayan la'asar ya tambaye ni ko ina ganin ya yi garaje. Na ce masa bai yi ba. Na faɗa da ƙarfi don ya ji, amma ni kaina har yau ban san ko rijiyoyin sun dawo ba.