Kwanar da Baba Bai Yarda da Ita Ba

Yau 'yata Hanan ta kawo takarda daga madarasa: gobe za a kai su malahi, filin wasannin yara, su hau jirgin wasan nan mai hawa sama ya gangaro. Na tuna Baba.

Kamfanin da yake wa zanen irin jiragen nan ya rufe ba a ƙera na ƙarshen ba. A gidanmu na unguwar Ƙurban yakan shimfiɗa zanen kusa da shayinsa mai na'ana'a, ya bi layin da yatsa, ya tsaya a wata kwana.

"Nan ban yarda ba, uwata. Ba zan ɗora ɗan kowa ba."

"Yalla, Mama, sa hannu!" in ji Hanan.

Na sa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa maƙerin jirgin gobe mai tsoro ne irinsa.