Gwangwanin Tsohon Mai Roka

Greensboro

Muna idar da sallar asuba muka kama High Point Road, ni da Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi mai tura kayan gwanjo gida. Ni ne direba, shi ne mai gyara mini tuƙi, ko da yake bai da lasisi. Shekarar 2003 ce, lokacin da mai gemu ko tari ya yi sai an waiwayo, ga shi an kusa kiran Alhaji ganawar takardar zama.

Kan duwatsu

Da hantsi muka isa gidan wani tsohon Bature da zai sayar masa da janareta. Ciniki bai daɗe ba, hira ce ta daɗe. Ashe da ƙuruciyarsa a masana'antar injin rokar wasan yara ya yi aiki. Ya ce da can yara ke haɗa albarushi da kansu a kicin, yana fashewa yana cinye musu yatsu, sai aka ƙera na'ura mai danna shi cikin bututun takarda, a toshe bakin da yumɓu. Ɗakin na'urar ma da gangan aka yi masa bango marar ƙwari, don in wuta ta tashi ta samu hanya.

Da za mu tafi ya miƙo wa Alhaji gwangwani a rufe. Mu kuwa ba ma mayar da kyauta, ba ma kuma buɗe ta gaban mai ita.

Hanyar dawowa

Muna cikin cin dambun nama muka faɗa shingen 'yan sanda masu duba lasisi. Ɗaya ya leƙo.

"Mene ne a gwangwanin nan?"

Alhaji ya raɗa mini, "Ɗan nan, ka ce naka ne. Kai fasfon ƙasar nan gare ka."

Ɗan sandan ya buɗe. Injinan roka ne jere, takardarsu ta yi ja don tsufa. Har na hango an tasa ƙeyar Alhaji a jirgin Yamai. Mutumin ya shinshina ɗaya, sai dariya.

"Irinsu babana ke saya mini!"

Alhaji ya ce, "Kwashe duka, kado ne!"

"Ba ma karɓar kyauta." Ya mayar da murfi.

Gida

Da la'asar muka iso lafiya, alhamdulillahi. Alhaji ya sauka, ya ɗora mini gwangwanin a cinya.

"Ga ladan tuƙi."

Ya girme ni. Na sa hannu biyu, na ce na gode.