Madarar da Kawu bai sha ba

Jiya matata ta zuba bilic, ruwan farar da kaya, a wanki, warin ya dawo mini da Kawu.

Zamanin kuɗin fetur ya yi aiki a kamfanin takarda can Kudu. Itace suke dafawa ya zama kunu, su zuba sinadarin kilorin mai warin bilic har ya yi fari fat. Ana ba su madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Shi kuwa tarawa yake, ya kawo mana Safana.

Na ce, "Kawu, kai fa?"

"Shanye, ja'iri! Bafulatani da nonon gwangwani?" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Tarin nan ne ajalinsa, kamfanin ko gaisuwa bai aiko ba. Yau ko tarin ne, ina so in sake ji ta bayan danga.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, ya haɗa fuskokinmu.