Baƙar wayar da na kwance

Jiya a cikin motar ɗana wata 'yar jar fitila ta kama ƙiftawa a dashbod, sai na ji gabana ya faɗi. Shi ko a jikinsa. Ni kuwa tuni zuciyata ta koma Danwarai, shekarun da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi, ina 'yar shekara tara.

Babana yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai albasa kasuwar Jega. Ni kaɗai ce 'yarsa mace, kuma kujerar gaba tawa ce. Duk ranar kasuwa ya sauke ni gidan kakata, da la'asar ya biyo ya ɗauke ni. Har yau ina iya jin warin cikin motar nan, albasa da baƙin mai da ledar kujera da rana ta gasa.

Da bazara matar baffana ta rasu a Karaye, aka kawo mana 'yarta riƙo. Sa'ata ce, siririya, ba ta da yawan magana. Aka raba mana tabarma, ban damu ba. Da aka raba mana kujerar gaba kuwa, ta bakin taga ma aka ba ta, sai na ɗaure fuska na ƙi kula ta.

A lokacin ne fitilun dashbod suka fara rashin lafiya. Su haska, su dushe, allurar zafin inji ta yi ta rawa kamar mai jin sanyi. Mai gyaran waya a Jega ya canza fis, ya goge kan batir, ya sa sabon ƙwan fitila. Mun fito gari ke nan suka ci gaba. Baba ya yi ta bugun dashbod da tafin hannu yana tsaki.

Rannan muna dawowa sai 'yar baffana ta ce a hankali, "Baba, a kan kwalta ba su yi. Sai mun hau gargada."

Ya dube ta. Ya sauka gefen hanya inda ramuka suke, fitilu suka kama ƙifce-ƙifce. Ya koma kwalta, suka tsaya cak. Da muka iso gida ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, yana taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ita ya ce ta tsare masa fitilun da ido. Da ya girgiza wata baƙar waya da ke manne da ƙarfen mota, ta ce, "Ga shi nan!" Notin ne ya saki, tsatsa ta ci wurin. Ya kankare, ya ɗaure da sifana, magana ta ƙare.

A gaban inna da maƙwabta ya dafa kanta ya ce, "Wagga ɗiya tana da ido. Abin da ya gagari bakanike ita ta gano shi." Shekara uku ina zaune a kujerar nan ban taɓa jin irin wannan ba. Ranar ture kwanon tuwona na yi.

Ana gobe kasuwa, maza sun tafi sallar la'asar, na ɗauki sifanar na shiga motar na sassauta notin. Niyyata ƙarama ce a ganina: fitilu su sake ƙiftawa, ni kuma in riga ta nunawa.

Ba su ƙifta ba. Muna hawa gargada wayar ta fice gaba ɗaya, dashbod ya mutu, allura ta kwanta. Tsoro ya ɗaure min baki. Baba ya ce mu lallaɓa mu kai kasuwa tukuna. Bai san ruwan lagireto yana zuba ba, kuma babu allurar da za ta faɗa masa. Kusa da Alelu hayaƙi ya turnuke, inji ya ƙone. Albasar mutane ta yini a rana, kasuwa ta tashi ba mu je ba. Motar ta kwana arba'in a gaban gida bisa duwatsu.

Da ya leƙa ya ga wayar tana lilo, sai ya ce, "Ni ne ban ɗaure da kyau ba." 'Yar baffana ta dube ni sau ɗaya, ta kau da kai. Ta gan ni da sifanar, amma ba ta faɗa wa kowa ba, kuma shirun nata ya fi duka ƙona ni.

Sai da na haifi ɗana na biyu na iya gaya wa Baba, ya tsufa yana kwance a zaure. Ya yi murmushi ya ce, "Na sani, ɗiyata. Notin da na ɗaure ba ya kwance kansa. Amma ni na fara, da na yabi ɗaya na mance ɗaya tana tsaye."

Yanzu hanyar duk ta sha kwalta, manyan tireloli ke kwasar albasar Aliero, Baba ya daɗe da rasuwa. 'Yar baffana tana aure a Maiyama, ba ni da aminiya kamarta. Duk da haka, a wurin suna kwanan baya wata tsohuwa ta ce da ita, "Ke dai kina da hankali tun kina ƙarama," sai na ji tsohon kishin nan ya motsa. Ta lura. Ta miƙo min ƙwaryar fura ta ce, "Sha, yaya, ke ma kina da shi."