Ranar da Na Hana Wanzami Taɓa Sani

"Baba wanzam, ajiye askar nan!"

A Magariya ne, shekarun fari. Ɗana Sani, wanda aka sa wa tiyo a kai don janye ruwa, ya tashi da zazzaɓi, bayan kunnensa ya kumbura. Innata ta kira wanzami ya tsaga wurin, ni kuwa na hana.

Ta ce, "Kai da aka kora daga lakwal, ka zama lokotoro?"

Na ce, "Inna, Faransanci ne ya ƙi ni a makarantar. Wannan da Hausa likita ya gaya mini: in jikinsa ya yi zafi, a kawo shi asibiti."

Na kai shi asibitin Damagaram, aka ce ƙwayoyin cuta sun kama tiyon. Aka canza shi, aka yi ta allurai.

Jiya Sanin ya yi mini aski, yana dariyar sanƙona.

Cikinku wa ya taɓa yi wa tsohuwarsa gardama ya sha?